Layi Shida Masu Farin Ƙyalle

Kambon da Wada yake gadi, wato sansanin leburorin wata babbar gonar dawa, yana da tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga garin Doka, idan ƙasa a bushe take. Idan damina ta zauna kuwa ba a maganar awa, domin baƙar lakar wurin takan riƙe tayar lori kwana biyu ko uku. Bukkoki huɗu ne a kambon, da rumfa, da tankin ruwa, da tsohuwar garmar tarakta wadda ciyawa ta tsiro tsakanin fayafayanta. Lokacin shuka da lokacin yankan dawa wurin yakan cika da leburori. Da can akan kawo masu cire ciyawa a tsakiyar damina, amma tun da mai gonar ya koma fesa magani aka daina. Saboda haka wata uku cur daga Wada sai saniyarsa.

Ya haura shekara saba'in. Kakansa ne ya taso daga yamma da garken shanu da niyyar zuwa Makka, ya tsaya a wannan ƙasa ta Sudan don ya huta damina ɗaya, bai ƙara gaba ba. Mahaifinsa ya yi kiwo har gonakin inji suka cinye burtali. Abin da ya iso hannun Wada shanu uku ne, yanzu saura ɗaya, wata jar saniya mai ƙyamar taɓo, wadda saboda haka yake kiranta Hajiya. Matarsa Mero ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗansu Harun yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, yakan kira ranar Juma'a idan Wada ya hau tudun bayan tanki kuma waya ta yarda ta kama. Da Larabci Harun yake magana, da sauri, don kada layin ya yanke. Tun rasuwar Mero, Hajiya kaɗai Wada yake yi wa Hausa.

A watan Yuli, ana gama shuka, Elfatih wakilin mai gonar ya zo da baƙuwa a motarsa. Mace ce 'yar kimanin shekara talatin da biyar, da shuɗin mayafi da takalmin roba irin na maza. Elfatih ya ce sunanta Doktora Salwa, masaniyar cututtukan shuka ce, yaƙi ya taso ta daga Madani, yanzu tana zaune a Gadarif. Mai gonar ya ba ta aron ɗan fili a bayan kambo don ta yi wani gwaji. Ta gaishe da Wada da Larabci, ya amsa.

Suna tsaye sai Hajiya ta miƙo wuya daga turke ta kama igiyar jakar baƙuwar.

"Ke Hajiya, ba ki da kunya ne? Sakar mata jaka!" in ji Wada.

Baƙuwar ta juyo da sauri. "Baba, Hausa kake ji?" Da Hausa ta yi tambayar, harshenta yana ɗan tuntuɓe.

"Ni ya kamata in tambaye ki. Ke 'yar gidan wa ce?"

"Kakata 'yar Mai Wurno ce, garin Hausawan nan, ita ta rene ni. Hausata shwayya ce, 'yar kaɗan, tun da ta rasu ban sami abokin yi ba."

"Ashe jikata ce. To ki daina ce mini Baba, kina rage mini girma."

"Kaka ke nan."

"Yauwa. Kuma jika ba ta zuwa wurin kakanta hannu Rabbana. Yau na yafe."

Ta yi dariya har ta riƙe baki, ta yi alkawarin gahawa a zuwa na gaba. Elfatih, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya, ya duba agogonsa ya koma mota ya zauna.

A ƙarƙashin rumfa ta buɗe akwatin ƙanƙara ta fito da wata ƙaramar kwalba mai ruwa fari kamar tsinkakken koko.

"Kaka, ka san jan tabon nan da yake fitowa a ganyen dawa idan ruwa ya yi yawa?"

"Na san shi. Daga ƙasa yake farawa ya yi ta hawa. Ganye ya bushe tun dawa ba ta yi ido ba, kara ya ruɓe ta ciki, iska ta zo ta kwantar. Bara ya cinye gefen kwari duka."

"Fumfuna ce, 'yar uwar wadda take fitowa a kisra, wainar dawar nan, idan ta kwana uku, sai dai wannan shuka mai rai take ci." Ta ɗaga kwalbar. "Kowane abu mai rai yana da umarni a rubuce cikin jikinsa, wanda ya gada. Fumfunar nan ba ta iya girma sai ta aika saƙo a cikin jikinta cewa a gina mata fatar da take rufe ta. Abin da ke cikin kwalbar nan guntun wannan saƙon ne aka kwafa, aka yi shi riɓi biyu. Ana ce masa RNA. Idan fumfuna ta sha shi, jikinta yakan ɗauka baƙon saƙo ne na cuta, sai ya yayyaga shi, ya haɗa da nata na gaskiya, tun da kamarsu ɗaya. Umarnin yana nan bai ɓace ba, amma an sa shi shiru. Ba ta samun fata, ba ta girma."

Wada ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta. "Wato ba guba ba ce."

"Ba irin gubar da ka sani ba. Da fumfunar nan kaɗai aka auna shi. A ɗakin bincike ya yi aiki. A gona kuwa, ƙarƙashin rana da ruwan Gadarif, ba mu sani ba tukuna. Abin da ya kawo ni ke nan."

Ta kai shi filin ta nuna masa. Layi goma sha biyu ta ware, ta kafa sanda a bakin kowanne, ta ɗaura jan ƙyalle a na farko, fari a na biyu, ja a na uku, haka har ƙarshe. Masu jan ƙyalle za a fesa musu magani. Masu fari kuwa ruwa zalla.

"Ruwa zalla? Da damina? Wanda Allah yake ba su bai isa ba?"

"Don a gwada waɗannan da waɗancan ne, Kaka."

Da ta sami minti biyar da ta ƙara bayani, amma Elfatih ya danna ham, hadari yana haɗuwa ta kudu. Tana tattara kayanta Wada ya tambaye ta sau nawa za ta riƙa zuwa.

"Duk kwana goma, har a yanke dawa. Idan gwajin ya nuna abin kirki, waɗanda suka aiko da maganin sun ce a maimaita shi nan shekara uku. Idan bai nuna komai ba za su mayar da shi garin Fau, kusa da kwalta."

Wada ya raka ta har mota. Bayan motar ta ɓace ya je wurin turke ya tsaya yana sosa wa saniyar wuya.

"Kin ji, Hajiya? Duk kwana goma. Shekara uku."

Ta zo sau huɗu a kan lokaci. Ta kawo gahawa kamar yadda ta ce, ya soya ta a kasko ya daka, suka sha jabana, wato gahawar da ake zubawa daga ɗan tulun ƙasa, a ƙarƙashin rumfa suna jiran rana ta yi sanyi, domin zafin rana yana lalata maganin, sai bayan la'asar ake fesawa. Ta koya masa yadda zai auna kwalba ɗaya a famfon goyo, da yadda zai riƙe bakin famfon ƙasa ƙasa don ruwan ya taɓa bayan ganye, da yadda zai wanke famfon sau uku kafin ya zuba ruwan layukan farin ƙyalle. Da ƙanƙara ta gagara, shi ya nuna mata damshin yashin da ke ƙarƙashin randa, suka binne kwalaben a ciki.

Sauran lokacin hira ce. Ta ba shi labarin littattafanta na shekara tara da ta baro a Madani, ba ta san ko suna nan ba. Ta ce su bakwai ne a ɗaki ɗaya a gidan 'yar uwarta, amma takan yi kwana uku ba ta yi wa kowa maganar da ta wuce ta ruwa da gawayi ba. Shi kuma ya ba ta labarin Mero, da yadda take tuƙa tuwo tana yi wa tukunya faɗa. Yakan yi mata tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, ta ci kaɗan, ya ce:

"Haka 'yan Madani suke ci? Shi ya sa yaƙi ya iya ɗaga ku, ba ku da nauyi."

"Kai kuma da ka cika nauyi, ga ka nan laka ta riƙe ka shekara saba'in."

"Ke, rashin kunyar jikokin zamani!"

A ƙarshen Agusta ruwa ya sauko kwana shida a jere. Hanyar Doka ta zama tafki. Ranar zuwanta na biyar Wada ya share rumfa, ya soya gahawa, ya zauna yana kallon arewa har la'asar ta wuce. Daga nan ya tono kwalba ɗaya, ya goya famfo, ya shiga layukan shi kaɗai. Ya yi komai yadda aka koya masa.

Bayan kwana goma ya sake yi. A lokacin dawar ta fi shi tsawo, kuma jan tabo ya bayyana. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga ganye. A masu farin ƙyalle tabon ya cika ganyen ƙasa, wasu har sun fara ƙonewa daga baki. A masu jan ƙyalle sai ya duba ganye biyar ko shida kafin ya ga ɗigo ɗaya. Washegari ya hau tudu ya yi ta ɗaga waya har ta kama.

"Doktora, maganinki ya ci. Ja lafiya lau, fari kuwa sun kamu."

"Wallahi, Kaka? Ya salam!" Muryarta tana zuwa tana yankewa. "Ka ci gaba da feshi. Da zarar hanya ta buɗe zan zo in gani da idona."

Ya sauko daga tudun yana jin ƙafarsa ba nauyi.

A wannan makon ne Hajiya ta kamu da ciwon kofato. Laka ta jiƙa mata ƙafar baya har ta kumbura, ba ta iya takawa. Ya wanke mata da ruwan gishiri, ya shimfiɗa mata busasshen kara, amma abinci ya zama matsala. Ciyawar kwari tana ƙarƙashin ruwa. Ciyawar gefen gona kuwa an fesa mata maganin mai gona, ta yi rawaya. Wada yana yaro ya ga maruƙan mahaifinsa biyar a kwance sun kumbura, kwana ɗaya bayan jirgin feshi ya wuce ta kan wata gonar auduga. Tun daga ranar ba ya ba dabba abin da magani ya taɓa, ko wane irin magani ne, ko wa ya ce ba guba ba ne.

Amma a bayan kambo akwai layi shida da ruwa zalla kaɗai ya taɓa.

Mutanen su Wada sun saba zage ganyen dawa. Idan ta yi tsawo ta kusa yin ciki, akan bi ta a cire ganyen ƙasa, a bar huɗu ko biyar na sama, a kai wa dabbobin da ke turke. Mahaifiyarsa ta yi, Mero ta yi a 'yar gonarsu ta bayan gida. Zangarniya ba ta raguwa da kome, kowa ya san haka. A manyan gonakin inji babu mai yi, domin wa zai bi dubban kadada yana zage ganye da hannu? Shi ya sa Salwa, wadda a irin waɗannan gonaki ta koyi aikinta, ba ta taɓa tunanin ta hana ba. Shi kuma bai ga abin tambaya ba. A ganinsa gwajin yana wurin masu jan ƙyalle, inda ake zuba magani mai tsada, kuma waɗannan ko ganye ɗaya ba zai taɓa ba. Har ya ga wata fa'ida: idan baƙuwa ta zo za ta tarar da fili tsaf, ba ruɓaɓɓen ganye yana reto.

Ya fara da na farkon masu farin ƙyalle. Yakan kama ganye kusa da kara ya fizge shi ƙasa, ya tara a hammata, ya ɗaure dami. Ba ya ba ta ɗanye, don ɗanyen ganyen dawa yakan kumbura wa saniya ciki. Yakan shanya shi kwana biyu a kan rumfa, idan hadari ya taso ya shigar da shi bukka. Mutum ne mai tsari, saboda haka ganyen kowane layi daminsa daban. Hajiya ta ci, ta fara tuƙa, idonta ya washe. Cikin mako biyu da rabi ya zage layi biyar, ƙafarta kuma ta sace har tana dogarawa.

Salwa ta iso kwana talatin da uku bayan ranar da ya kamata ta zo, a tirelar tarakta, ita da Elfatih, laka har gwiwa. Wada ya ji ƙarar injin tun daga nesa, ya sa gahawa a wuta, ya canza jallabiya.

"Jikar nan ta manta da ni, na ce ko an yi mata miji a Gadarif ne."

"Wa zai ɗauke ni da lakar nan? Kaka, bari jabana ta jira, mu je in gani."

Ta wuce gaba da littafinta da alƙalami, yana biye da ita yana murmushi. Ta shiga layin farko mai jan ƙyalle, ta durƙusa, ta ɗaga ganye, ta ɗaga wani. Ganyen kore shar, sai ɗigo nan da can. Ya ji tana cewa alhamdu lillahi a hankali. Sai ta juya wajen layi na biyu.

Karan dawa ne tsaye tsirara daga ƙasa har kafaɗar mutum, ganye a sama kaɗai. Ta dubi layi na huɗu, ta dubi na shida. Ta miƙe a hankali.

"Kaka, ina ganyen?"

"Na zage wa Hajiya. Ba ta da lafiya, ciyawa kuma duk magani. Amma ki duba, masu ja ban taɓa su ba. Ko ɗaya."

Ta rufe littafin, ta riƙe shi a ƙirji da hannu biyu. Murmushin Wada ya tafi tun kafin ya san dalili.

"Na yi ɓarna ne?"

"Zo mu zauna," in ji ta.

Suka zauna a bakin filin, a kan wata tsohuwar taya. Ta yi magana a hankali, tana neman kalmomi.

"Idan na je na ce masu jan ƙyalle lafiyarsu lau, za a tambaye ni: wa ya ce magani ne? Wataƙila cutar ce ba ta zo bana ba. Amsata ita ce masu farin ƙyalle. Ƙasa ɗaya, iri ɗaya, ruwa ɗaya, ga su kusa da juna, su sun kamu, waɗannan ba su kamu ba. Abin da na zo yi yau shi ne in ƙirga tabon da ke ganyensu, in ɗauki hoto, in rubuta. Ciwonsu shi ne shaidata, Kaka."

Wada ya dubi karan da ya zage. "Wato da gangan aka bar su su kamu."

"Da gangan."

"Na saman fa? Ga ganye nan a sama."

"Daga na ƙasa cutar take hawa. Da ka cire su ka rage mata hanya, iska kuma ta shiga. Yanzu na sama sun yi kyau kusan kamar masu magani. Ka yi musu jinya, ba ka sani ba."

Ya tashi ya nufi bukka, ya dawo da dami biyu. Ya kwance su a gabanta. "Wannan na layi na takwas ne, wannan na goma. Ban haɗa su ba. Na ƙarshe kuma yana can da ganyensa, ban kai gare shi ba."

Ta ɗauki busassun ganyen tana dubawa ɗaya ɗaya. Tabon yana nan, ya koma ruwan ƙasa, ya cika su. Ta je layi na goma sha biyu ta daɗe a ciki tana ƙirgawa tana rubutawa. Da ta fito idonta ya yi ja.

"Yadda ka faɗa haka ne. Ya kama su sosai."

"To ki rubuta haka. Na gani da idona, layi shidan duka. In rantsuwa suke so sai in rantse."

"Ni na yarda da kai, wallahi na yarda. Amma layi ɗaya ba ya isa, kuma shi na gefe ne, za su ce iskar kwari ce ta fi bugunsa. Busasshen ganye kuma ba a san daga wace shuka ya fito ba, ko a wace rana." Ta share fuska da bakin mayafi. "Laifina ne. Na koya maka wanke famfo sau uku, ban gaya maka dalilin farin ƙyalle ba. Ban taɓa ganin an zage ganyen dawa ba, Kaka. Wataƙila kakata ta sani, amma ni a gari ta rene ni."

"Ba laifinki ba ne. Ni ne tsoho da saniya."

Elfatih ya ƙwala kira daga tarakta cewa su yi sauri, direba yana tsoron hadari. Suka koma rumfa. Gahawar ta daɗe a wuta ta yi ɗaci, amma ta sha finjali biyu. Wada ya jira har ta ajiye na biyun kafin ya yi tambayar.

"Baɗi fa?"

"Zan rubuta musu duk abin da ya faru, da abin da na gani. Ba ni nake yankewa ba." Ta dube shi, ta kasa yi masa ƙarya. "Tun da hanya ta yanke suke maganar Fau. Da na kai musu lissafi mai kyau da na iya ja da su."

Ya gyaɗa kai. Ta tsaya wurin turke ta duba ƙafar Hajiya, ta ce ta yi kyau. Ta hau tirela da damin nan biyu a cinyarta.

Ba ta sake samun zuwa ba. Maganin da ya rage kwalba biyu ne, Wada ya fesa su a ranakunsu, ya wanke famfo sau uku, ya fesa wa sauran ruwa. Layi na goma sha biyu bai taɓa shi ba, yana kallo ganyensa suka ƙone ɗaya bayan ɗaya. Ruwan kwari ya janye, yakan tafi can da lauje da safe, tafiyar rabin awa, ya dawo da ciyawa a ka.

A watan Nuwamba Elfatih ya zo shi kaɗai don ya duba ko dawa ta isa yanka. Ya zagaya gona, ya dawo, har ya buɗe ƙofar mota sai ya tuna.

"Ya Hajj, Doktora ta aiko maka da saƙo. Da yarenku ne, ban san me ta ce ba."

Ya danna wayarsa ya miƙa ta kusa da kunnen Wada. Muryarta ta fito, da ƙarar motoci a bayanta.

"Kaka, salamu alaikum. Ina gajiya, yaya Hajiya da ƙafa? Na yi ƙoƙari, amma sun yanke, baɗi a Fau za a yi. Gobe zan tafi can in ga filin. Na sa a takardar aiki cewa kada a zage ganye, kuma zan zauna in gaya wa mai gadin dalili, ba zan bari a yi mini ham ba. Ka yafe mini. Babu mai yi mini tuwo a nan. Ka ci abinci, ka ji? Sai Allah ya haɗa mu."

Muryar ta tsaya.

"Sake kunnawa," in ji Wada.

Elfatih ya sake. Wada ya saurara da ido a rufe, leɓensa yana motsi.

"Ba za ka iya sa mini ita a tawa ba?"

Elfatih ya karɓi 'yar wayar Wada mai madannai ya jujjuya ta, ya mayar masa. "Wannan ba ta ɗaukar murya, ya Hajj. In na dawo da leburori sai in sake kunna maka, in ban goge ba. Akwai amsa?"

Wada ya yi tunani. Abin da yake son faɗa yana da yawa, ga injin mota yana aiki.

"Ka ce mata na ji. Ka ce saniya ta warke."

Motar ta tafi. Ya tsaya har ƙararta ta ɓace, sannan ya zagaya bayan kambo. Ya tsige sandunan goma sha biyu, ya kwance ƙyallayen da rana ta kusa mayar da su launi ɗaya, ya ninke su ya sa a aljihu. Sandunan ya ɗaure su ya jingina a jikin tanki, don leburori za su so itace idan sun zo.